Tsayawar Rabin Awa a Toshbulok

Jizzak, 14 ga Maris, 1998

Zuwa ga Yaya Kumri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yaya, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi, jikoki kuma suna lafiya suna jin tsoronki kamar yadda muka ji a zamaninmu.

Shekarun baya na taɓa jin wani labari a kan ƙanin mijinki, Holmurod na Toshbulok. Wai wani mai yi wa shanu allura ya shiga gidansa saboda saniya ɗaya, bai fito ba sai bayan kwana tara, sanye da rigar da ba tasa ba. Ban yarda ba. Na ce wa mai ba ni labarin, ma'aikacin gwamnati ba zai ɓace kwana tara ba a neme shi ba. Ya ce an neme shi mana, wanda aka aika neman ne ya kwana huɗu. Har yau ina ganin an ƙara gishiri. Dalilin da ya sa na tuno da shi yana ƙasa, ki bi ni a hankali.

Masu faɗaɗa hanya sun iso gidan Baba a Gallaorol. Kwana ɗaya kafin su rushe katanga na je da wuƙata na yanko rassa arba'in daga kurangar inabin nan ta bakin rijiya, wadda Baba ya dasa shekarar da aka haife ki. Washegari motar ture ƙasa ta tumɓuke ta. Ban tsaya na kalla ba. Yanzu dai duk abin da ya rage na inabin gidanmu yana cikin buhu ɗaya a wurina, kuma tsakar gidanki ce kaɗai ƙasar da ta rage mana. Mirzohid mijin 'yata ya yarda zai rufe ɗakin cire haƙorinsa na kwana ɗaya ya kawo ni a jar motarsa ranar ashirin da huɗu.

Saura maganar inda za mu tsaya. Bayana ba ya ɗaukar awa biyar a zaune, dole in miƙe ko na rabin awa ne kafin mu hau dutse. Na zana hanyar a takarda, na ga wuri uku.

Akwai gidan shayin nan na gindin dogayen bishiyoyi. Bara Mirzohid ya ci nama a can, kuma har yanzu ba ya son a ambaci wurin. Akwai masana'antar giyar inabi da ke gaba kaɗan, inda baƙi ke tsayawa ana zuba musu a ƙananan kofuna suna shinshinawa. Nan Mirzohid ya fi so, wai akwai inuwa da famfo. Ni kuwa da farin gemuna, shekara shida da kama salla tsakani da Allah, ba zan so wani tsohon ɗalibina ya gan ni ina miƙa a ƙofarsu ba. Na uku shi ne gidan Holmurod, wanda ke bakin titi, kuma babu wanda bai san jar motar nan ba a ƙauyukan inabi. In muka wuce ba mu gaisa ba, kafin la'asar ya ji.

Na san abin da za ki ce. Baƙo ba ya tashi daga gidan mutum sai an dafa masa osh, dafa-dukar shinkafa da nama, ya ci, kuma a gidan Holmurod shi ke cewa a ɗora tukunyar shinkafa. To, ga dabarata. A makon da za mu taso ne ake tono kurangun da aka binne saboda sanyi. Duk mai ƙafa a Toshbulok yana gona daga hantsi har faɗuwar rana. Za mu isa da tsakar rana, mu tarar da gida ba kowa, in rataya gurasa biyu da alewa a ƙofa, in miƙe bayana, mu wuce. An je, an gaisa, ba a samu maigida ba. Laifin wa?

Ki gaishe da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Norkobil

Kitob, 19 ga Maris

Norkobil,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan inda ka bar ta. Jikoki lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko don in gano inda maganar take. Shekara talatin da biyar kana koya wa yara taswira, har hanyar gidan yayarka sai ka zana. Kada ka tsaya a gidan kowa. In bayanka ya ƙage, ka fito ka tsaya a gefen titi kamar sauran mutane. In Holmurod ya ji haushi ka bar ni da shi, shekara hamsin ina fama da haushinsa.

Labarin mai allurar shanu gaskiya ne, sai dai kwana goma sha ɗaya ne. Rigar ta marigayi mijina ce.

Na sa an haƙa ramuka a jikin katangar kudu. Shekarata saba'in da takwas, inabi kuwa ba ya haihuwa sai ya shekara uku a ƙasa. Ba ni da shekarar da zan ba ka ka yi wasa da ita. Ka kawo mini rassan Baba da ransu.

Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Kumri

Toshbulok, 25 ga Maris

Yaya Kumri,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa da girmamawa. Ina roƙon kada ki dubi sunan garin da ke saman takardar nan ki yanke hukunci kafin ki karanta.

Wasiƙarki ta iso, na kuma auna ta sosai. Amma dabarar tana da kyau, kuma ina so ki sani ta yi aiki kamar yadda na tsara. Mun shigo Toshbulok da tsakar rana, gari tsit, ko kare babu. Daga titi muna hango mutane a gonaki, layi-layi, suna ɗago kurangu daga ƙasa suna kaɗe su. Na ce wa Mirzohid kada ma ya kashe mota. Na fito da gurasata, na ɗaga hannu zan rataya, sai na ga ƙofar a buɗe take.

Holmurod yana kwance a gadon katako a tsakar gida, ƙafarsa ta dama a ɗaure tun daga cinya. Ya faɗo daga tsani kwana goma da suka wuce. Kwana goma kenan yana kallon ƙofar nan shi kaɗai, sai ga ni a cikinta da gurasa a sama.

Ya ce, "Malam Norkobil ne, ko idona?"

Na ce, "Idonka ne, suruki. Wucewa muke yi."

Ya ce, "To ka wuce ciki. Wancan da ke ƙona mai a waje, ce masa ya kashe."

Na zauna a bakin gado, a gefe-gefe, irin zaman wanda zai tashi. Ya sa Mirzohid ya dafa shayi, tunda shi ba ƙafa. Ya sa ya ɗauko gyaɗar dutse da busasshen inabi. Daga nan ya miƙa masa buta ya ce ya sauka ɗakin ƙasa, randa ta uku daga hagu, giyar da ya haɗa bara, wadda ba wanda ya ɗanɗana tukuna.

Mirzohid ya ce, "Baba, tuƙi nake yi."

Holmurod ya ce, "Wa ya ce ka sha? Dubawa za ka yi. Ni magani nake sha, Malam kuma ya tuba. In ta yi tsami gara in sani yau. Ba likita ba ne kai?"

"Na haƙori, Baba."

"To ta ina take bi?"

Mirzohid ya duba kofi ɗaya. Ya ce bai tabbata ba, ya duba na biyu. Kin san 'yan sandan da ke shinge a kan dutse, sai sun sa hanci a tagar direba. Haka muka kwana.

Yau da safe na sa takalmi, sai ga maƙwabta sun cika gida. Ashe yau aka sa za a fara gayya a gonar Holmurod, tunda yana kwance. Suka dubi Mirzohid, ƙato mai shekara arba'in da biyar da lafiyarsa, wani ya miƙa masa shebur. Ina za ka ce a'a a gayyar mai karyayyar ƙafa, bayan ka kwana a gidansa? Na tambayi Holmurod maganar osh da dabara. Ya ce, "Ai ranar da aka gama gayya za a dafa, suruki. Ko so kake a ce na dafa wa baƙo na bar ma'aikata?" Na tambayi kwana nawa gonar ke ci. Ya ce ya danganta da yawan hira.

Kada ki damu da rassan. Jiya ya tambayi me ke ɗaure a kan rufin mota, ya sa aka sauko da buhun. Ya zaro ɗaya, ya lanƙwasa shi a kusa da kunnensa, ya kankare ɓawon da farce, ya daɗe yana kallona. Na ɗauka sha'awa ce. Ya sa an kai su wuri mai sanyi.

Ergash direban bas ɗin da ke hawa dutse zuwa Kitob ne zai kawo miki wannan. Kullum yana bi ta nan, in kina da amsa.

Ki yafe mini. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Norkobil

Kitob, 26 ga Maris

Norkobil,

Salama. Ban yi mamaki ba, kuma ba ni da lokacin faɗa.

Ergash da ya ɗauko wasiƙa zai iya ɗauko buhu. Ka miƙa masa gobe, ka ce ya ajiye ƙarƙashin kujerar baya, nesa da inji. Kai kuma ka zauna nan har a girbe inabi in ka ga dama. Rassan nake jira.

Ka ce da Holmurod ina yi masa sannu, kuma wanda ya haura saba'in ba ya hawa tsani.

Allah ya shirye ka.

Kumri

Toshbulok, 29 ga Maris

Yaya Kumri,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Da na karanta takardarki na ji kunya, don ban yi tunanin bas ba. Na sauka ɗakin ƙasa neman buhu. Na same shi, an ninke shi tsaf a kan randa, ba komai a ciki. Na bi gida lungu-lungu. A bayan ɗakin girki na ga sabon rami an rufe da tsohuwar taga ta gilashi. Na ɗaga, na share taki da yashi da hannuna. Yaya, rassan Baba ne, duka arba'in, an ɗaure su dami-dami an binne su a kife, kai a ƙasa, gindi a sama.

Na je na tsaya a kansa. Na ce, "Suruki, me rassan ubana suka yi maka?"

Ya ce, "Ni ba su yi mini komai ba. Kai suka yi wa, ga alama."

"Ka binne su a kife."

"Na sani, ni na ce a yi. Ka mayar da tagar yadda ka gan ta?"

"A wace ƙasa ake shuka itace da kai a ƙasa? Na koyar da ƙasashen duniya duka, ban ga wannan ba."

Ya ce, "Ka koyar da su daga ɗaki, Malam. Sha shayi."

Ya fara wani dogon bayani a kan zafi da sanyi da saiwa, ban tsaya ji ba. Mutumin da ya ajiye mai allurar shanu kwana goma sha ɗaya ba zai rasa bayani ba. Ni na gane abin da ake ciki. Ya ga ba zai iya riƙe ni ba, shi ne ya kama rassan.

Ga abin da ya fi ciwo. Jiya aka gama gayya, aka dafa osh a bakin gona a ƙatuwar tukunya, da karas rawaya da kitsen rago. An aiko mana da faranti gida. Na ci, na shafa addu'a da ƙarfi yadda zai ji, na miƙe na ce to suruki, mun gode da karamci. Ya dube ni kamar na zage shi.

Ya ce, "Wannan na ma'aikata ne. Ka riƙe shebur?"

"Bayana ne ya hana."

"To, ɗanɗano aka sam maka. Likita ya yi aiki, ya ci nasa, hanya tasa ce. Kai kuwa baƙona ne, naka daban. So kake garin nan ya ce yayan matar yayana, ko ƙaninta, ko ma wane ne kai, ya zo gidana na sallame shi da ragowar gayya?"

Na juya in nemi goyon bayan Mirzohid, na ga har ya ɗauko makulli. Tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa, ya kuma cire wa mutanen Toshbulok haƙora biyar a gindin bishiya. Ya ce marasa lafiya na jiransa a Jizzak, zai dawo ya ɗauke ni duk ranar da aka kira shi. Bai ko waiwayo ba.

Na yanke shawara. Zan jira amsarki kwana ɗaya saboda girmanki. Jibi da hantsi zan tone rassan nan, in mayar da su buhu, in hau bas ɗin Ergash, da osh ko babu osh. Ban taɓa yin haka a gidan kowa ba, kuma tunanin kaɗai yana hana ni cin abinci, ko da yake ana matsa mini.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Norkobil

Toshbulok, 29 ga Maris

Zuwa ga Matar Yaya, uwar gidanmu, Kumri mai daraja,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Saƙonki na sannu ya iso, har da ƙarshensa. Na karɓa da hannu biyu, tunda ƙafa ɗaya ta rage mini.

Allah ya kawo mini ƙaninki a lokacin da nake hira da kaji. Mutum ne mai ilmi, na ƙaru da shi ƙwarai a kan kogunan ƙasashen da ba zan je ba. Amma akwai abin da na tabbata bai rubuta miki ba, don shi kansa bai san labari ba ne. Rassan nan sun yi mako biyu a bayan murhu a gidansa, wai don kada sanyi ya kama su. Shi ya gaya mini da bakinsa, yana jiran in yaba. Daga nan suka hau rufin mota cikin busasshen buhu, a rana da iska. Da na lanƙwasa ɗaya, ƙarar da ya yi irin ta itacen hura wuta ce. Da kin sa su a ramukanki a haka, da kin shekara kina ba sanduna ruwa.

Na sa an jiƙa su kwana biyu a ruwan rijiya da cokalin zuma. Na sa an kife su a yashi don gindin ya ji ɗumin rana ya fitar da saiwa, idon da ke toho kuma ya zauna a sanyi kada ya farka kafin lokaci. Shekara arba'in ina wannan aiki a gonakin inabi. Suna bukatar kwana ashirin ba a taɓa su ba. Ban yi alkawarin duka ba, amma akwai sauran rai a cikinsu.

Yanzu ga damuwata. Malam ya ce jibi zai tone. Ba ya jin bayanina, ni kuma ba zan iya bin sa da gudu ba. Igiya ɗaya nake da ita, ita ce tukunyar osh, ita ma na ga ya fara cizon ta. Ke kika raine shi. Ki gaya mini inda ake kama shi.

Wanda ke fatan ganin fuskarki cikin alheri,
Holmurod

Kitob, 30 ga Maris

Ƙanina Norkobil,

Wa alaikumus salam. Ina fata kana samun barci.

Maganar rassa na bar wa Allah, abin da ya rubuta shi zai faru. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na kwana ina tunanin ɗan Baba zai fita daga gidan surukai da buhu a kafaɗa, ba a dafa masa ba, ba a sallame shi ba, maigida yana kwance da karaya yana kallo. Mutanen Toshbulok ba sa mantuwa. Za su faɗa a bikinmu, za su faɗa a makokinmu, kuma ni ce zan zauna a cikinsu. Amma kai namiji ne, malami kuma, ka fi ni sanin abin da ya dace.

Na aiko maka da safa da rigar ciki biyu.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Kumri

Toshbulok, 17 ga Afrilu

Yaya Kumri,

Assalamu alaikum, da fatan gwiwa da sauƙi.

Jiya aka ɗaga taga. Talatin da uku sun fitar da saiwa, farare ƙal kamar haƙoran jariri. Bakwai sun tafi. Na zauna a bakin ramin na ɗan jima, Holmurod kuma ya yi mini kirki ya kalli wani wajen. Yau aka dafa osh, nawa na kaina, rabin gari ya zo. Mirzohid ya iso, ya kuma ƙi sauka ɗakin ƙasa ko da wasa. Gobe kafin azahar muna ƙofarki. Ki sa a zuba ruwa a ramukan. Holmurod zai biyo mu, ya ce shi zai dasa da hannunsa, ni in riƙe buta. Ki share masa ɗaki, don ban ji ya ambaci ranar komowa ba.

Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Norkobil

Af, akwai wata magana. An ce ranar da kika aiko mini da safa, takarda biyu Ergash ya kawo, ɗaya tawa, ɗaya ta maigidan. An ce a ta biyun kin rubuta: "Kada ka ɗora tukunya sai saiwa ta fito. In na ce masa kada ya taɓa ramin, zai taɓa. Kunya ce kaɗai ke riƙe shi, zan ɗaure shi da ita daga nan, kai ka riƙe ta can. In ya gundure ka, ka tambaye shi kogin da ya fi kowane tsawo, ka yi barcinka." Ergash ne ya fara tsegunta mini, na ce yayata ba za ta yi haka ba. Matar da ta wanke shinkafa ta maimaita, na ce hirar mata ce. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, da takardar a hannunsa, a gaban mutum sittin, ya kuma karanta sau biyu saboda na baya ba su ji ba, shi ne Holmurod.